TAMBAYA DA AMSA: Rumbun bincikenmu ya cika da shirme, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dafatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni ma'aikaciyar laburare ce a wata makarantar gaba da sakandare a nan Kano, kwanan nan aka maida ni sashen da ke kula da rumbun da muke ɗora kundayen digiri da takardun malamai a intanet, DSpace muke amfani da shi. Wallahi Malam abin da na tarar ba a cewa komai, shekara da shekaru 'yan bautar ƙasa da ɗaliban da ke zuwa koyon aiki ne ke shigar da bayanan, kowa da yanda ya ga dama, wani ya rubuta taken da manyan baƙaƙe gaba ɗaya wani da ƙanana, wani kundin an ɗora shi sau biyu wani sau uku, malami ɗaya sai ka ga sunansa kala huɗu, ga shugabanmu ya ce yana so a gyara kafin masu tantance kwasa-kwasai su zo. Dan Allah akwai wata manhaja da za ta duba min kurakuran nan ko sai na bi su ɗaya bayan ɗaya? Ni dai na rasa ta inda zan kama. Daga wata 'yar'uwarku a Rijiyar Zaki.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Toh da farko ki kwantar da hankalinki, akwai manhajoji kuma kyauta ne, amma bari na yi wa sauran masu karatu bayanin abin da muke magana a kai tukunna dan kar mu bar su a baya.

Kowace takarda da aka ɗora a rumbu tana da bayanan da ke tafe da ita: take, sunan marubuci, shekara, sashe, harshe, tsakure, muhimman kalmomi. Su ake kira metadata. Kamar rubutun da ake yi a jikin dilar atamfa ne a Kantin Kwari, in rubutun ya yi kuskure to kayan na nan a sito amma yaron shago ba zai taɓa ɗauko su ba in an tambaya. Yawancin rumbuna suna bin tsarin da ake kira Dublin Core mai gurabe 15, wanda ya samo asali daga wani taro da aka yi a 1995 a garin Dublin na jihar Ohio ta Amurka, ba Dublin ta ƙasar Ailan ba kamar yanda mutane da yawa ke zato. DSpace ɗin naku kuma jami'ar MIT ce da kamfanin HP suka fito da shi a 2002, shi ya sa za ki ga gurabensa da suna irin su dc.title da dc.contributor.author da dc.date.issued.

Kar ki soma bin su ɗaya-ɗaya a shafin intanet, za ki tsufa a nan. DSpace yana bai wa mai izinin gudanarwa damar sauke bayanan tarin takardu gaba ɗaya a fayil ɗaya na CSV, wato jadawali irin wanda ake buɗewa a Excel, kowace takarda layi guda. Ki sauke, ki yi kwafi biyu, ɗaya ki sa a filash ki jefa a durowa kar ki taɓa shi. Wannan shi ne madogararki ranar da abu ya kwaɓe.

Ɗayan kuma ki buɗe shi da OpenRefine. Wannan manhaja da can sunanta Google Refine, a 2012 ta koma hannun masu sa-kai aka sauya mata suna. Abin da ya sa nake son ta a irin yanayinmu shi ne duk da a burauza take buɗewa, a kan kwamfutarki take aiki, ba ta buƙatar data in kin gama sauke ta, ko intanet ɗin ofis ya ɗauke aikinki na tafiya matuƙar akwai caji. Kuma duk abin da kika yi tana rubutawa a jere, kina iya komawa baya taku nawa kike so.

Ki fara da abin da suka kira Facet. Ki je kan gurbin shekara ki danna, za ta jero miki duk nau'in abin da aka taɓa rubutawa a gurbin da adadin kowanne. A nan za ki sha kallo. Za ki ga 2019, ki ga 03/04/2019 wanda ba wanda ya san ko 3 ga Afrilu ake nufi ko 4 ga Maris, ki ga wanda ya rubuta sunan wata da haruffa, ki ga 2091 saboda yatsa ya zame, ki ga gurbin da babu komai. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, wato 2019-04-03, in kuma shekarar kaɗai aka sani a bar ta 2019 kawai, ba laifi ba ne. Haka za ki yi wa gurbin harshe da na nau'in takarda da na sashe. Gurbin sashe ma ya fi ban dariya, sashe ɗaya sai ki same shi da suna shida har da wanda aka daina amfani da shi tun kafin a raba tsangayar.

Sai babban aikin, sunaye. Akwai maɓallin Cluster, shi ne ke tattaro sunayen da suka yi kama ya ce miki ina zaton waɗannan abu ɗaya ne, in haɗe? Hanyarsa ta farko ita ce ya maida komai ƙananan baƙaƙe, ya cire aya da waƙafi, ya jera kalmomin bisa abacada sannan ya kwatanta. Akwai wasu hanyoyin da ke duba kusancin haruffa, su ne za su kamo miki Muhammad da Muhammed da Mohammed, ko Ɗambatta da Dambatta da Danbatta. Da kin fara za ki ji daɗi sosai, aikin sati ya koma na awa biyu.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan dabara an gina ta ne a kan sunan mutanen da ke da sunan dangi tsayayye, mu kuwa sunanka ne da na mahaifinka, wani ya ƙara na gari wani na unguwa. Musa Sani da Sani Musa a wajen manhajar mutum ɗaya ne tunda kalmomin iri ɗaya ne, a wajenmu kuwa yana iya zama ɗa da uba ma. Ni kaina na taɓa cin wannan tuwon. Ina taya wasu gyara, dare ya yi na gaji, na zaɓi duka na danna haɗewa ban duba ba, ashe na tattara takardun wani malamin kimiyyar ƙasa na liƙa wa wani malamin Larabci mai irin sunansa a juye. Sai bayan kusan wata guda malamin Larabcin ya shigo ofis yana dariya yana tambayar yaushe ya fara bincike a kan takin zamani. Shi ya ɗauke ta da wasa, ɗayan kuwa bai ga abin dariya ba ko kaɗan dan lokacin yana haɗa takardun ƙarin girma. Da ba dan kwafin nan na filash ba da ban san yanda zan warware ba. Saboda haka duk rukunin da ta kawo miki, ki leƙa taken takardun da sashen kafin ki yarda, in kin yi shakka ki bar su a rabe ki ɗaga waya ki tambayi sakataren sashen.

Kina cikin sunayen ki cire su Dakta da Farfesa da Alhaji da Malam daga gurbin marubuci, girmamawa daban rumbu daban, in ba haka ba mutum ɗaya zai rabu uku: kafin ya yi digirin digirgir, bayan ya yi, da bayan ya sauke farali. Ki kuma duba ko an cusa sunan sufabaiza a gurbin marubuci, shi nasa gurbin daban ne, dc.contributor.advisor. In marubuta sun fi ɗaya DSpace yana raba su da sanda biyu a tsaye, haka ||, kar ki maida su waƙafi.

Akwai kuma wata 'yar manhaja da aka rubuta musamman dan CSV ɗin DSpace, sunanta csv-metadata-quality, daga cibiyar binciken dabbobi ta ILRI mai hedikwata a Nairobi. Da yaren rubuta manhaja na Python aka yi ta, dan haka sai kin nemi yaron sashen kwamfuta ya saka miki. Tana duba tsarin kwanan wata, lambar harshe, tazarar banza a farko ko ƙarshen rubutu, takardun da aka maimaita, haruffan da suka rikice, har da lambobin ISBN na littattafai da ISSN na mujallu, dan lambar ƙarshe a jikinsu lissafi ce da ake fitarwa daga sauran, in an yi kuskuren ɗaya lissafin ba zai fita ba. Wasu kurakuran tana gyarawa da kanta wasu ta nuna miki kawai.

Abin da babu manhajar da za ta gano miki shi ne ƙaryar da ta sa kaya masu kyau. Kundin 2009 da aka rubuta masa 2021 saboda a shekarar aka ɗora shi, tsarinsa daidai ne, duk manhajojin nan za su wuce shi su ce lafiya lau. Haka tsakuren wani kundin da aka manna wa wani. Irin wannan sai ido, ki tsinci kamar guda ashirin daga kowane sashe ki buɗe fayil ɗin ki kwatanta da shafin farko, in kin ga ɓarnar ta yi yawa a sashe ɗaya kin san wanda ya yi aikin wajen ne ya yi ta.

In kin gama za ki maida fayil ɗin cikin DSpace, kar ki taɓa gurbin id, da shi yake gane wace takarda ce. Zai nuna miki canje-canjen kafin ya aiwatar, ki karanta. Ki fara da ƙaramin sashe. Sannan dan Allah kafin sababbin 'yan bautar ƙasa su zo ki rubuta shafi ɗaya tal na yanda ake shigar da suna da shekara da take, ki manna a bango saitin kwamfutar, in ba haka ba baɗi war haka za ki sake rubuto min wannan wasiƙar.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na kammala digiri na uku shekara biyu kenan, an ce min an ɗora kundina a rumbun makaranta kuma na gani da idona yana nan, amma in na nema a Google Scholar, shafin neman takardun ilimi, babu shi babu alamarsa, alhali abokina da muka gama tare a wata jami'ar nasa ya fito har an fara ambatonsa. Ko akwai kuɗin da ake biya ne? Daga wani malami a Kabuga.

AMSA: Dakta barka dai, Allah ya sanya albarka. Ba a biyan ko sisi, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa maka a Google Scholar ka riƙe aljihunka.

Ga gwajin da za ka yi da kanka yau. Buɗe shafin kundin naka a kwamfuta, danna Ctrl da U tare, rubutun da ke bayan shafin zai bayyana, kar ya tsorata ka. Nemi kalmar citation_title. In rumbun na kan daidai za ka ga taken kundinka a gabanta, ka ga citation_author da sunanka, da na shekara, da citation_pdf_url mai nuna inda fayil ɗin yake. Waɗannan su injin ke karantawa, ba kwalliyar shafin ba. In babu su, ko shekara ba komai, ko an sa sunan makaranta a matsayin marubuci, ka samo bakin zaren.

Sai ka buɗe fayil ɗin kansa ka gwada zaɓar layi ɗaya da linzamin kwamfuta. In ya ƙi zaɓuwa to hoto ne, wato an ɗauki kundin mai bango an yi masa sikanin shafi-shafi a shagon buga takardu, kai kana iya karantawa amma inji ba ya ganin ko harafi. Maganinsa ka kai musu asalin fayil ɗin da ka buga a maida shi PDF kai tsaye, in ya ɓata a bi hotunan da manhajar OCR mai maida hoto rubutu.

Na uku kuma ya fi kowanne yawa a rumbunanmu, ka dubi adireshin dindindin da aka bai wa kundin. In ka ga localhost:8080 a ciki, ko lambar 123456789, to wanda ya kafa rumbun ya bar saitin gwaji ne yanda ya zo da shi. Kalmar localhost ma'anarta wannan kwamfutar da nake kai, kenan kamar ka ba baƙo kwatancen gidanka ka ce masa gidanmu, shikenan. Ita kuma 123456789 lambar wucin gadi ce da DSpace ke zuwa da ita kafin makaranta ta yi rajistar tata lambar Handle, wato tsarin da ke bai wa takardu adireshin dindindin. Wannan ba aikinka ba ne, na masu kula da sabar ne, kai dai ka nuna musu cikin lalama. Haka in sabar na mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka tafi hutu, injin zai zo ya tarar da ƙofa a rufe ya juya.

Su ma'aikatan rumbun akwai gwajin da ya fi wannan. Rumbuna suna da wata ƙofar baya da ake kira OAI-PMH, ta nan manyan matattara irin su BASE ta jami'ar Bielefeld a Jamus da CORE ta Ingila da OpenAIRE ta Turai ke kwasar bayanai. OpenAIRE na da manhajar tantancewa, ka ba ta adireshin ƙofar taku ta kwashi bayanan ta auna su da ƙa'idojinta ta fito maka da sakamako gurbi-gurbi, wanne ne babu, wanne ne ba a cika daidai ba. BASE ma tana da irin tata. Sakamakon farko ba ya daɗin gani, na faɗa muku tun yanzu, amma ya fi a zauna ana zato.

Ko an gyara yau kar ka zauna kana sabunta shafi, yana iya ɗaukar makonni, gyaran abin da ya riga ya shiga da kuskure kuwa har watanni. Kafin nan ka je ka buɗe ORCID, kyauta ne, tun 2012 ake bayarwa, lamba ce mai gurbi 16 da ke bin ka duk inda ka je. A garin da in ka tsaya a bakin Ƙofar Nasarawa ka kira Abdullahi Muhammad mutum goma za su waiwayo, ban ga dalilin da malamin jami'a zai zauna babu ita ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibar sashen Hausa ce, da na duba kundayen sashenmu a rumbu sai na ga an rubuta }asar Hausa maimakon ƙasar Hausa, wani wajen ]aya, wani kuma wasu alamomi kamar rubutun aljanu. In na rubuta ƙasa a wajen nema ba sa fitowa. Meye matsalar? Daga Gwammaja.

AMSA: Ƙanwata kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Cuta biyu ce daban-daban kika gani.

Ta farko gadon tsofaffin font ne irin su Rabi'at da aka daɗe ana buga Hausa da su a sassanmu. A zamaninsu sun yi rana sosai, dan lokacin babu wata hanya mai sauƙi ta samun ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta. Dabararsu ita ce su ari wasu maɓallan da ba a cika amfani da su ba su sauya musu kama, ka danna } sai ta fito da siffar ƙ, ka danna ] ta fito ɗ, ~ ta fito ɓ. A takarda lafiya lau, amma a cikin kwamfutar har yanzu } ce, riga kawai aka sa mata. Da an kwafe taken an manna a rumbu, rigar ta faɗi. Wannan gyaransa da sauƙi a OpenRefine, a tace layukan da harshensu Hausa ne a musanya kowace alama da harafinta na gaskiya na Unicode, wato tsarin haruffan kwamfuta na duniya, sai dai a lura da [ da ] dan wani lokacin baka ce ta gaske marubucin ya sa.

Ta biyun, rubutun aljanun, ita ce in kin ga Æ™ a inda ƙ ya kamata, ko É— a wajen ɗ. A nan an rubuta harafin daidai tun farko da tsarin adana haruffa na UTF-8, sai wani ya buɗe fayil ɗin da wani tsarin daban ya sake adanawa. Yawanci a wajen danna CSV sau biyu ya buɗe kai tsaye a Excel abin ke faruwa, gara a shigo da shi ta hanyar da za ta tambaye ka tsarin haruffa ka zaɓi UTF-8, ko a yi amfani da LibreOffice da ke tambaya tun a bakin ƙofa. Malamar Rijiyar Zaki, wannan har da ke.

Ki kuma roƙe su su duba gurbin harshe. Sau da yawa fom ɗin shigarwa ba ya kawo Hausa a jerin zaɓi sai an ƙara ta, sai mai shigarwa ya danna Ingilishi ya wuce, kundin da aka rubuta kacokan da Hausa a kan waƙoƙin baka ko karin harshen Kananci ya tafi duniya da lambar en. Lambar Hausa ita ce ha a tsarin haruffa biyu, hau a na haruffa uku. Ban taɓa ganin manhajar tantancewar da ta damu da ƙugiyar ƙ ɗinmu ba, dan haka in ku 'yan sashen ba ku yi magana ba haka za a bar shi. Ki tattara taken guda goma da suka lalace, ki rubuta daidansu a gefe, ki kai wa shugaban sashenku ya sa hannu a miƙa laburare, takarda mai hatimi ta fi saurin tafiya a ofis fiye da ƙorafin baki.

Mai tambaya daga Sharaɗa a kan lambar DOI da bambancin Crossref da DataCite, wasiƙarka ta iso, wuri ne ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.